Bidiyon Baba Kama-Ƙaho

Duk wanda ya taɓa zama a layinmu, ko da hayar wata ɗaya ya yi, ya san labarin bijimin da Babanmu ya kayar ranar aurensa. Ba sai ka tambaya ba. Ka dai yi kuskuren gaishe shi a ƙofar gida kana tafiya a hankali, to ka shiga uku, sai ka ji shi daga farko har ƙarshe. Wai ana tsakiyar biki a garin su Mama, rumfa ta cika maƙil, sai ga wani ƙaton bijimi ya ƙwace daga hannun mahauta ya nufo taro. Maza da mata kowa ya ranta a na kare. Ango kaɗai ya tsaya. Ya naɗe hannun riga, ya cafki ƙaho biyu, ya murɗe wuya, ya nana shi da ƙasa. In ya zo nan sai ya murza gashin bakinsa, wanda yake ji da shi fiye da mu 'ya'yansa. Daga wannan labari ya samu sunan da kowa ke kiransa da shi, Baba Kama-Ƙaho.

Sai dai bijimin nan girma yake ƙarawa duk shekara. Ina ƙarama, a kafaɗar Baba ya tsaya. Da na shiga sakandare ya kai rufin mota. Bara kuwa da kunnena na ji Baba yana gaya wa sabon maƙwabci cewa ƙahonsa ɗaya ya fi ƙofar ɗakinmu tsawo. Mama, da an fara labarin, sai ta tuna ta bar tukunya a wuta. Kawu, ƙanin Mama, wanda aka yi abin a kan idonsa, tari ne yake sarƙe shi, ya fita neman ruwa. Mu mun ɗauka gajiya ce kawai da maimaici.

In wani ya nuna shakka, amsar Baba ɗaya ce: "Ai akwai a kaset!"

Kuma da gaske akwai kaset. Mai ɗaukar bidiyo ya ɗauki bikin, sai dai lokacin ba su da abin kallo, Mama kuma ta ɓoye kaset ɗin a ƙasan akwatinta, ta ce ba za a kai aurenta gidan kowa a kalla ba. Da Baba ya samu hali ya sayo bidiyo sabo fil, ya haɗa wayoyi, ya zura kaset, ya fita kiran abokansa. Kafin ya dawo abu ya cije, ba gaba ba baya, kaset ya ƙi juyawa ya kuma ƙi fitowa. Aka ɗora laifin a kan Yaya, babban wanmu, wanda yake rarrafe a lokacin. Baba ya rantse babu mai gyaran da zai taɓa masa kaya, shi da hannunsa zai gyara ranar Asabar. Shekara talatin da wani abu ke nan, Asabar ɗin ba ta iso ba. Bidiyon yana can saman sif, an ɗora masa tsofaffin akwatuna.

Ni na tono rigimar, ba kuma da niyya ba. Za a yi wa ɗakuna fenti, na hau kujera na sauko da shi, sai ga ɗan gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa, yana wucewa da kurarsa. Na kira shi. Har ya rataya bidiyon a sikeli Mama ta fito da gudu, ba ko takalmi.

"Auta, kanki ɗaya kuwa? Sauke min abin nan!"

"Mama, wa yake kallon kaset yanzu? Ko a shagon gyara dariya za a yi mana."

"Uwata tana ciki," in ji ta.

Sai na sauke bidiyon daga sikeli. Kakarmu ta rasu shekara guda bayan auren, kuma mace ce da ba ta yarda da hoto ba, ko ɗaya ba ta bari an ɗauke ta ba. In akwai fuskarta a duniya, to a kaset ɗin nan take.

Yaya ya ce, "To a kai a fasa a ciro kaset ɗin, a juye mana a waya."

"Ba za a fasa ba."

"A gyara a kunna?"

"Ba za a kunna ba."

"A sayar?"

"Ba za a sayar ba. A mayar da shi inda yake."

Da a nan maganar ta mutu, da Mai Aski bai leƙo ba. Shagonsa yana kallon ƙofarmu, kuma shi da Baba abokan faɗa ne tun kafin in yi wayo. Kullum sai sun zauna benci ɗaya, kullum sai sun tashi baram-baram.

"A'a, Kama-Ƙaho!" ya ɗaga murya yadda duk layi zai ji. "Shaidar taka ce za a sayar a kilo? Gara haka kam. A narka ta kowa ya huta, bijimi ya ci gaba da girma."

Baba ya fito daga ɗaki yana murza gashin baki. "Wa ya ce za a sayar? Saukowa da shi aka yi zan gyara."

"Yaushe? Asabar?"

"Yau ɗin nan! Ni da na yi shekaru ina aiki a kamfanin wayar lantarki?"

A kamfanin wayar lantarki Baba ya yi aiki, gaskiya ne, amma a ofishin rajistar baƙi. Mama ta kalle ni, kallon da ya ce duk abin da ya biyo baya a wuyana yake.

Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Baba ya sa safar hannu ta asibitin da nake aiki, ya ɗaura tocila a goshi da rana tsaka. Da yake babu sukundireba a gidan, ya aro wuƙar kicin ɗin Mama, ya karya mata tsini a noti na farko. Da ƙyar murfi ya buɗe. Ya cika kumatu da iska ya hura ciki da ƙarfinsa, ƙurar shekara talatin ta dawo masa fuska gaba ɗaya. Bai gama atishawa ba sai ga kyankyasai, iyaye da jikoki, suna tururuwar fitowa. Biyu suka shige masa ƙafar wando.

Wallahi ban san Baba ya iya rawa ba sai ranar. Ya yi tsalle, ya buga cinya, ya zagaya tabarma yana kiran sunan Allah. Mai Aski yana tsaye a bakin ƙofa, ya riƙe ciki.

"Mutumin da ya kayar da bijimi ne kyankyaso ke juyawa haka?"

"Bijimi ta gaba yake zuwa kamar namiji," in ji Baba yana haki. "Waɗannan munafukai ta ƙafar wando suke bi."

Da ƙura ta lafa aka nemi wayar da ake jona shi da wuta, aka rasa. Mama ta ce ita rabonta da ganinta tun ina goye, ta faɗa tana kallon sama. Baba ya ce wannan ba matsala ba ce ga wanda ya san aiki. Ya ɗauko dutsen guga ya datse masa waya, ya feƙe bakin da haƙori, ya murɗa nan ya murɗa can, ya naɗe da ledar burodi.

"Baba, ja da baƙi fa ka haɗa wuri ɗaya," in ji Yaya.

"Kai da ka lalata shi kake koya min gyara? Matsa can."

Ya soka a soket. Ƙara ta tashi, tau! Wani shuɗin haske ya gifta, ƙauri ya cika gida, fanka ta tsaya. Kafin mu gama salati muka ji hayaniya a waje, ashe ba gidanmu kaɗai ba ne, layin gaba ɗaya ya ɗauke. Tela ya fito da rigar wani a hannu. Mai sayar da ƙanƙara ta fito tana tambayar wa zai biya ta. A bayansu ga Hedimasta, dattijo mai kamala da ba a taɓa jin muryarsa sama ba, da ƙyallen aski a wuya. An aske masa rabin kai injin ya mutu, kuma yana da taron iyayen yara da yammar nan.

Baba ya fito musu da gira ɗaya a ƙone. Ko gezau.

"Ku kwantar da hankalinku, alama ce mai kyau. Wuta ta shiga. Injin ne mai ƙarfi, irin na da, ya fi ƙarfin taransifomarku."

Hedimasta ya daɗe yana kallon Baba, sannan ya ari hula a wurin Tela ya tafi.

Sai washegari masu wuta suka gyara. Na ɗauka Baba zai haƙura. Ina! Da sassafe na same shi a kan tabarma da kwalbar man girki a hannu. Wai ya kwana yana nazari, ya gano ciwon. Gaɓoɓin injin ne suka bushe kamar gwiwar tsoho, mai suke so. Ya karkata kwalba a kan ramin kaset.

Mama ta yi kukan kura ta damƙe kwalbar. "Baban yara, man zai jiƙa zaren! Na ce maka uwata tana ciki!"

"Sake min, aikin maza ne."

"Ba zan saki ba!"

Ya ja, ta ja, kwalba ta kife a kan dakalin ƙofar falo. Baba ya yi fushi, ya sungumi bidiyon, ya ce zai shiga ɗaki ya kulle inda babu masu katsalandan. Taku biyu ya yi. Ƙafafunsa suka yi sama, shi ya yi ƙasa, bidiyon ya tashi ya daki bango ya dawo ya zauna daram a kan siminti. Sai muka ji ƙararas, wani abu ya faɗo daga bakin bidiyon yana gangarawa. Ɗan cokalin shayi ne, ya yi baƙi, ya lanƙwashe.

Yaya, da ya riga ya sayo waya ta gaskiya don kada a ƙone gidan, ya jona. Wata 'yar fitila kore ta kama. Ciki ya yi gurnani, ya yi tari, sai ga kaset yana juyawa a hankali.

Baba yana kwance a cikin mai, ya ɗaga yatsa. "Kun gani? Girgiza yake buƙata. Da gangan na sake shi."

Muka ɗaga shi. Ya ɗauki cokalin ya nuna Yaya da shi, mutumin da furfura ta fara fito masa, mai 'ya'ya uku. "Ga shaidar ta'asarka. Yau Allah ya tona maka asiri."

"Baba, rarrafe fa nake yi lokacin. Ya aka yi na kai saman tebur?"

"Tun kana ciki ba ka ji."

Mama ta karɓi cokalin, ta goge shi da bakin zani, ta shige kicin.

Saura kallo. Nan ma aka samu cikas, sabuwar talabijin da Yaya ya saya musu, mai faɗi kamar allo, ba ta da ramin da wayar bidiyon za ta shiga. Baba ya nemi ya huda mata da ƙusa, muka rirriƙe shi. Aka bi layi gida-gida ana neman tsohuwar talabijin mai ƙaton ƙeya. Guda ɗaya ta rage, kuma kun san a wurin wa take.

Mai Aski ya saurari buƙatar yana wasa aska. "Zan bayar. Amma ba ta fita daga nan. A ƙofar shagona za a nuna, a gaban kowa, kuma babu wanda zai leƙa kafin lokacin."

"Abin da nake so ke nan! A tara duniya."

"In ka kayar da bijimin, ni da bakina zan bi layi ina yi maka kirari. In ba ka kayar ba, gashin bakin nan nawa ne."

Baba ya shafa shi, kamar mai lallashin yaro. "Na yarda. Wa zai yi alƙalanci?"

"Hedimasta."

Ranar nunin da safe, ina shara a bakin ƙofa na ji Mama tana magana ƙasa-ƙasa.

"Baban yara, don girman Allah ka janye. Ka ce injin ya sake lalacewa."

"Kunya kike ji a ga kina kukan amarci? Ai kin yi kyau."

"Ba wannan ba. Ka tuna abin da ya faru bayan ka ga bijimin?"

"Abin ya yi sauri. Jarumi ba ya tsayawa lissafi. Na dai tuna na farka ana yayyafa min ruwa saboda gajiya, bijimi yana ɗaure, kika ce min, sannu, ka kayar da shi. Ko ba ke kika faɗa ba?"

"Ni na faɗa."

"To magana ta ƙare. Goge min sabuwar rigata."

"Da wane dutsen gugar?"

Da la'asar layi ya cika. An kwaso bencina daga makaranta, Mai Shayi ya matso da teburinsa, yara sun hau katanga, matasa kowa ya saita wayarsa. Baba har mota ya aika aka ɗauko Kawu a matsayin babban baƙo, kuma tun daga sauka Kawu yake tari. Hedimasta ya zauna a gaba da kansa a aske tas, don babu yadda aka iya da rabin da ya rage. Baba ya tsaya gefen talabijin da sanda, rigarsa duk a yamutse, yana bayani tun ba a kunna ba.

"Masu ciwon zuciya su koma baya. Mata masu ciki su rufe ido."

Aka danna. Allo ya yi yayyafi, ya yi layi-layi, sai ga rumfa, ga jama'a. Sai ga ango, siriri kamar sandar rake, wando mai faɗin baki, gashi tuli guda. Layi ya kwashe da dariya.

"Yayin lokacin ne," in ji Baba. "Ku dai jira."

Hoton ya girgiza, aka ji ihu, mutane suka fara watsewa. Baba ya buga sanda a ƙasa. "Ga shi nan! Ku buɗe ido!"

Sai ga shi kuwa ya shigo. Ɗan maraƙi ne, ja, mai dogayen ƙafafu, ƙahonsa bai kai babban yatsa ba. Yana jan igiya yana waige-waige, da gani shi ma a tsorace yake.

Mai Aski ya gyara murya. "Wannan ɗan ne ko? Uban yana tafe?"

"Kyamarar da tana rage girman abu," in ji Baba, amma muryar ta sauka.

"Ita ta rage ka kai ma?"

"Ku dubi hannun riga! Ga shi zan naɗe!"

Ango ya kai hannu, gaskiya ne, amma ba hannun riga ya naɗe ba. Ƙafar wando ya tattare. Ya juya, ya zuba a guje. Jama'a, na ga gudu a rayuwata, ban taɓa ganin irin wannan ba. Ya wuce yara, ya wuce makaɗa, ya tsallake wata tsohuwa da kujerarta. Maraƙin, da ya ga hanya ta buɗe, sai ya bi bayansa. Ango ya waiga, ya ƙara mai, igiyar rumfa ta harɗe shi, ya kife ya miƙe samɓal, ko motsi. Maraƙi ya zo ya yi tuntuɓe da shi, ya wuntsila gefe.

Abin da ya faru a layinmu ba ya faɗuwa. Tela ya faɗo daga benci. Mai Shayi ya zubar da buta. Kawu, da ya riƙe dariyar nan shekara talatin saboda kunyar mijin yayarsa, ya sake ta gaba ɗaya har yana dukan ƙasa. Ni kaina na yi, Allah ya yafe min, amma da na dubi Baba sai tausayinsa ya kama ni. Bakinsa a buɗe yake. Wallahi bai sani ba. Ya faɗi labarin har ya zauna masa, kuma yau ne karo na farko da ya ga ranar aurensa.

A allo kuwa wata 'yar gajeriyar mata ta fito daga cikin rumfa, ba sauri ba gudu. Ta cire mayafi ta rufa wa maraƙin a fuska, ta zauna masa a wuya, ta kama igiya ta miƙa wa mahauta tana zazzaga musu faɗa. Sannan ta juyo, fuskarta ta cika allo, ga wushirya irin ta Mama sak. Ta kaɗa yatsa tana dariya.

"Kai mai hoto, ajiye abin nan ka zo ka taya ni ɗaga surukina!" Ta waiga wajen amarya, wadda ta durƙusa da kofin ruwa. "Ke kuma in ya farka ki ce shi ya kayar. Kada ki bari yaron mutane ya ji kunya a gidanmu. Kin ji ko?"

Baba ya yi wuf ya kai hannu zai zare waya. Sai ya tsaya.

Mama ce. Ban ga lokacin da ta taso daga cikin mata ba. Tana tsaye a gaban talabijin, ta ɗora tafin hannu a kan gilashin, hawaye yana zuba, tana kuma dariya.

"Inna," take cewa. "Inna, kin ga muryarki. Na fa manta muryarki."

Dariyar layi ta mutu da kaɗan-kaɗan. Hoton ya koma yayyafi. Baba ya janye hannunsa daga waya, ya daɗe yana kallon Mama.

"Ke kika sa cokalin?"

"Ni ce."

"Shekara talatin uwarki tana saman sif, ba ki gan ta ba, saboda ni?"

"Ai ka ji abin da ta ce."

"To jama'a ku shaida," in ji Yaya daga baya, "a wanke ni!"

Baba bai ko kula shi ba. Ya share fuska da hannun riga, ya juyo gare ni. "Auta, tariyo baya."

"Baba, daga wajen gudun fa zai fara."

"Na sani. Tariyo. Uwarki ba ta gama gani ba."

Na tariyo. Ango ya sake tattare wando, ya sake tsallake tsohuwa, layi ya sake kwashewa, Kaka ta sake fitowa da mayafinta. Da ya ƙare Baba ya ce a sake. Muka yi ta sakewa har aka kira magariba, yana tsaye ƙiƙam da sandarsa ana yi masa dariya, Mama kuma tana zaune a benci na gaba kusa da Kawu, su biyun suna share ido.

Amma kada ku ɗauka Baba ya canza hali. A zagaye na ƙarshe har ya farfaɗo.

"Ku lura da kyau," yake cewa yana nuni da sanda. "Kun ga inda na kwanta? Daidai hanyarsa. Wannan lissafi ne."

Mai Aski ya karkaɗe ƙyalle ya juyo da kujera. "Bismillah, Kama-Ƙaho. Alkawari."

"Tsaya tukuna! Dabbar nan ta faɗi ko ba ta faɗi ba?"

"Ta faɗi."

"Da wa ta yi tuntuɓe?"

"Da kai, amma a sume kake!"

"A sume ma na kayar, ina ga idona biyu?"

Gardama ta kaure, aka koma ga alƙali. Hedimasta ya miƙe a hankali, ya shafa ƙoƙon kansa mai sheƙi.

"Na saurari kowa," ya ce. "Bai kama ƙaho ba, amma da shi aka yi tuntuɓe. Rabin maganarsa gaskiya ce. A aske rabi."

Haka Baba ya tsallaka titi ya dawo gida da gashin baki na ɓangaren hagu kaɗai, bidiyo a rungume a ƙirjinsa, bai yarda kowa ya taya shi ɗauka ba. Mama ce ta ƙarasa masa ɗaya rabin a tsakar gida, tana yi tana cewa ya daina motsi.

Kafin gari ya waye matasa sun tura hoton ko'ina. Baba ya zama abin nuni har a kasuwa, Mama kuma ta samu uwarta a waya, tana kallo duk lokacin da ta ga dama. Ɗan gwangwan ya dawo ya tambaya ko an yanke shawara. Baba ya ce ya kama gabansa, wannan injin hannun ƙwararre ne ya tashe shi.

Yanzu bidiyon yana falo, a kan tebur na musamman, an rufa masa farin ƙyalle mai ado. A samansa Mama ta ajiye lanƙwasasshen cokalin. Baba bai daina ba da labari ba, ya dai sauya jarumi. Yanzu surukarsa ce, mace mai zuciyar maza, wadda ta danne bijimi bayan shi ya tare masa hanya da jikinsa. Jiya ma na ji yana gaya wa mai karanta mita, kuma ƙahon har ya fara kusantar tsawon taga. Mama tana daga kujera, sai ta miƙa hannu ta ɗaga cokalin.

Baba ya yi gyaran murya. "To, matsakaici ne dai," ya ce. "Amma fa akwai gudu."